Disciplina Kičme: Belgrade ta haifa, Yugoslaviya ta rena

Duk inda aka zo ba da tarihin Disciplina Kičme, sai ka ji an ce "ƙungiyar mawaƙa ce ta ƙasar Sabiya", a wuce. Ba ƙarya aka yi ba, amma a ganina an yanke mata rabin danginta.

Mu koma 1981, shekara guda bayan mutuwar Tito, shugaban Yugoslaviya, tarayyar da Sabiya da Kuroshiya da Sulobeniya suke cikinta a lokacin. Matasan Belgrade, babban birnin ƙasar, sun rungumi sabon salon kiɗa da suke kira "novi talas". Ƙungiyoyi uku, Šarlo Akrobata da Idoli da Električni Orgazam, suka haɗu a faifai guda mai suna Paket aranžman. To, wa ya buga shi? Kamfanin Jugoton na Zagreb, birnin da a yau shi ne hedikwatar Kuroshiya.

Šarlo Akrobata ba ta yi tsawon rai ba, shekarar ba ta ƙare ba suka raba gari. Cikin 'ya'yanta, Milan Mladenović ya kama hanyar da ta kai shi ga ƙungiyar Ekatarina Velika, shi kuwa Dušan Kojić, wanda kowa ya sani da Koja, ya kafa Disciplina Kičme, wato "horon ƙashin baya".

Nan fa Koja ya yi abin da ya bambanta shi. A zamanin da jita ce sarauniyar dandali, sai ya sallame ta. Ya tsaya kan ganguna da jitar bas, mai kaurin muryar nan da aka saba ajiyewa a baya. Ya jona ta da na'urorin sauya sauti da ake takawa da ƙafa, har ta riƙa kururuwa tana gurnani a gaba. Daga baya ya zuba masu kaɗa ganga biyu, ya ƙara masu busa ƙaho, kiɗan funk ya zauna daram. Ko ba ka jin kalma ɗaya ta Sabiyanci, kafaɗarka za ta motsa. Faifansu na farko kuma, a 1983, kamfanin Helidon na Sulobeniya ne ya fitar da shi.

Wani zai ce ai harshen waƙoƙin da barkwancin cikinsu na titunan Belgrade ne. Na yarda. Sai dai mai irin wannan baƙon kiɗa yana bukatar kasuwa mai faɗi, inda idan wannan ƙofa ta ƙi buɗewa zai ƙwanƙwasa waccan ba tare da fasfo ba. Yugoslaviya ce ta ba shi wannan.

Da yaƙi ya ɓarke a 1991, kasuwar ta tarwatse. Koja ya tafi Landan, ya sake lale da sunan Disciplin A Kitschme, da mawaƙiya Gofie Bebe, ana rerawa da Turanci. Ko da ya dawo Belgrade bayan shekaru, Zagreb ta zama ƙasar waje, Jugoton ma an sauya masa suna zuwa Croatia Records.