Yaron da ke yanko CJ daga cikin gem ba zaman banza yake ba

Jiya bayan sallar isha'i na zauna kusa da ƙanena a kan tabarma ina kallon abin da yake yi da waya, har yanzu abin bai bar raina ba.

Hoton CJ, jarumin gem ɗin, ya ɗauko daga GTA San Andreas, wasan da kamfanin Rockstar ya fitar a 2004, wanda da yawanmu muka ƙarar da kuɗin tara a kansa a gidajen gem zamanin PS2. Ya buɗe PicsArt, manhajar gyaran hoto, ya jawo hoton har kafaɗar CJ ta cika fuskar wayar, ya shiga goge bayan hoton da babban yatsa, a hankali, yana bin gefen farar singiletin nan kamar mai yanke wa jariri farce. Gilashin wayar ma a tsage yake. In ya ci gefen hannu sai ya koma baya ya sake. Wannan kaɗai ya ci masa fiye da minti 40. Sannan ya ɗora shi a kan hoton da ya ɗauka da kansa a Ƙofar Nassarawa, ya jingina shi da adaidaita sahu.

Na ce ai ya yi kyau. Ya girgiza kai. "Yaya, duba inuwa. Ranar Los Santos, garin da ke cikin gem ɗin, ta hagu take dukansa, tamu kuwa ta dama ta fito." Ya juya hoton, ya zana inuwa a ƙarƙashin takalmi, ya dusashe launin, ya yayyafa masa hazo irin na hunturu, sai ga CJ kamar ɗan unguwa da ya fito jiran fasinja.

Wallahi ba wanda ya koya masa wannan a aji. Shi ya sa nake jin zafi idan na ji ana cewa yaran nan latse-latse kawai suke yi, ko kuma kwashe hoton mutane suke yi suna liƙawa. Yanka da liƙi tsohuwar fasaha ce. Tun 1912 masu zane Picasso da Braque suka fara manna takarda a jikin zanensu a Faransa, yau ayyukan suna rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi. Almakashi da gam ne kawai suka koma yatsa da manhaja.

Masu gem ɗin ma sun san da haka. Sony ta sa maɓallin ɗaukar hoto a jikin hannun PS4 tun 2013. A gem ɗin Ghost of Tsushima na 2020 kana iya tsayar da wasan cak, ka sauya yanayin sama, ka matsar da lokaci daga hantsi zuwa almuru, ka juya iska, duk don ka samu hoton da kake so.

Inda nake da magana da yaran su kansu wuri biyu ne. CJ dukiyar Rockstar ce. Yi don sha'awa daban, buga shi a riga a kai kasuwa daban. Na biyun ya fi ci mini rai: yaro ya kwana yana daidaita jarumin gem ɗin Free Fire da hasken wata, da safe wani ya goge sunansa daga kusurwa, ya sa nasa, ya watsa a Facebook yana karɓar yabo. An taɓa yi wa ƙanena haka, kwana uku bai buɗe manhajar ba. Wannan ita ce satar, kuma a tsakaninsu ake yin ta.

Iyaye kuma, a duba abin da yaro ke haɗawa, wannan haƙƙinku ne, don wasu hotunan ba su dace da gidan mutunci ba. Amma a duba da kyau kafin a ƙwace wayar. Hannun da ya gyara inuwar CJ shi ya haɗa katin walimar saukar ƙanwarmu a manhajar PixelLab watan jiya, mai shagon buga takardu har yana tambayar wa ya yi.

Na ce ya turo mini na Ƙofar Nassarawar, kuma ya ƙara wa sunansa girma a kusurwa kafin ya turo. Shi ne yanzu a fuskar wayata.