Kiran Allah ba a kan bagadi kaɗai yake ba

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan. Shi ke kaɗa piyano a majami'arsu da ke Tudun Wada a nan Jos, kuma in dai addu'ar dare ce ba a riga shi zuwa. Ran nan na tarar da shi da hantsi yana kishingiɗe, waya a hannu tana caji. Na ce masa wani abokina kafinta a Gada Biyu yana neman yaro mai natsuwa. Ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ni fa akwai kira a kaina. Lokacin Ubangiji nake jira."

Ban yi masa faɗa ba, domin a bakinmu ya tsinci maganar. Mu manya ne muka matse kalmar kira har ta koma ta fasto da mai bishara da mawaƙi kawai. Ku saurari shaidar da ake bayarwa ran Lahadi: wannan ya sami biza, wancan ya sayi mota, sai tafi da guɗa. Yarinyar da ke sammako zuwa kasuwar Farin Gada ta sari kabeji da karas, ta biya wa ƙannenta kuɗin makaranta da ribar, ban taɓa ganin an miƙa mata makirfo ba. To yaro ya zauna yana kallo, wane darasi zai ɗauka?

Alhali Littafi Mai Tsarki bai raina aikin hannu ba. Mutanen Nazarat da masassaƙi suka san Yesu, kuma sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara hidima a fili. Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da matarsa, shi ne kuma ya gargaɗi Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci. Iyayenmu a Filato sun gane wannan. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) da ya sauka Wase a 1904 bai tsaya kan wa'azi ba: an buɗe asibitin Vom a 1922, aka kafa makarantar Gindiri a 1934, daga baya har makafi suka sami tasu. Mai bisharar wancan zamani da fartanyarsa yake zuwa ƙauye.

Na san abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki. Aiki ya yi wuya. Tun rikicin 2001 gari ya rabu, babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, jari ya gudu. Na kuma yarda bangaskiya ce ta riƙe samari da dama. Ba don zumuntar matasa ba, da wasunsu suna gindin barasar goskolo, ko sun ƙare a cacar waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai hana yaro faɗawa rami daban, nuna masa hanya daban. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, ko da mai zaman addu'a yake yi.

Kowace ikkilisiya a Jos tana da tela, makanike, mai walda, nas da manomin dankali a kan bencinta. Me zai hana dattawa su haɗa kowannensu da matashi ɗaya? Cikin baikon da ake tarawa don sabon amsa-kuwwa (na yanzun ma maƙwabta kuka suke da shi), a ware na keken ɗinki biyu. A ɗora wa mai koyon gyaran babur hannu a yi masa addu'a, yadda ake yi wa mai tafiya makarantar tauhidi ta Bukuru.

Shi kuwa ɗan yayar tawa, ya ce zai leƙa wurin kafintan ran Litinin, amma da sharaɗin a riƙa sakinsa da wuri ran Alhamis saboda koyon waƙa. Kafintan ya yi dariya ya ce ai shi ma a ƙungiyar mawaƙa yake.