Agogon Dubai a Yelwa

Matata ta ce kada in yi, amma ta faɗa ne da irin muryar nan da ke nufin "yi mu sha kallo".

Gidan haya muke a Yelwa, nan Bauchi, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, Musulmi da Kirista kowa ya san abin da tukunyar kowa ta dafa. Ƙarshen Disamba makarantu na hutu, ga 'ya'yan yayata sun zo daga Gombe sun cika mana ɗaki. Ranar Talata 31 ga Disamban 2024 maƙwabtanmu za su coci addu'ar shiga sabuwar shekara, ba za su dawo ba sai dare ya raba, sai Maman Biyu ta roƙe ni in sa mata ido a kan yaranta. Na ce ba komai, har ma zan haɗa musu ɗan wasa. Kafin la'asar magana ta zaga layi cewa Kawu zai yi wa yara fati.

Baba mai gida ya tare ni a zaure.

"Malam, mu fa shekararmu Muharram ce."

"Baba, ai ba biki ba ne, raino ne."

"To, Allah ya ba da lada," in ji shi. Bayan magariba ya turo mini jikokinsa.

Dabarata mai sauƙi ce. Zan gajiyar da su da guje-guje, in cika musu ciki da cincin da zobo, sannan in tura agogon bango gaba da awa uku. Ƙarfe tara na yi sai ya nuna sha biyu, a yi ihu, a buga murfin tukunya, kowa ya nemi bargo. Na shiga kasuwar Wunti na sayo balan-balan da alewa da tuwon madara don kyautar wanda ya ci gasa, na dawo na ciro agogo daga ƙusa na murɗa shi a ɓoye na mayar.

Tseren cokali da ƙwai na fara shiryawa, uwargida ta ce da tsadar nan wanda ya taɓa mata ƙwai ɗaya sai dai ya kwana a zaure. Aka koma lemon tsami. Auta ya shanye nasa kafin a busa usur. Tseren buhu ne ya so ya zama abin asibiti, don buhunan da na kwaso a kicin ashe ɗaya na busasshen barkono ne. Yaron da ya shige shi ya yi tsalle biyu, ƙura ta tashi, ga iskar hunturu tana kaɗawa, sai atishawa ta kama tun daga 'yan tsere har 'yan kallo, har Baba da ke can ɗakinsa muka ji ya karɓa. Balan-balan kuwa ba su yi tsawon rai ba.

Sai wasan kujeru, wanda ake kunna kiɗa ana zagayawa, a kashe kowa ya faɗa kujera, wanda ya rasa ya fita. A wayata nake kunna kiɗan. Da hannuna ya gaji, na miƙa wa babbar 'yar yayata, 'yar aji shida, wadda a gida ake kira Lauya saboda ba a taɓa kayar da ita a musu ba. Agogon bango na nuna sha biyu saura minti goma, na fara tara su a yi ƙirge, sai kiɗa ya tsaya ba a lokacinsa ba.

"Kawu, wayarka ta ce tara saura."

Tsakar gida ta yi tsit. Uwargida ta ja kujera ta zauna sosai.

Na ce, "Wancan ai agogon Dubai ne. Sun riga mu da awa uku. Manyan mutane da Dubai suke shiga shekara." Kuma ban yi ƙarya ba, tara ɗinmu ita ce sha biyunsu, lokacin da ake harba wutar nan a dogon benen Burj Khalifa. Aka ƙirga daga goma zuwa ɗaya, aka buga murafe, na raba alewa, na ce to, Allah ya maimaita mana, a je a kwanta.

Lauya ba ta ɗago kai daga wayar ba. Ta gano inda ake duba lokutan ƙasashe.

"Kawu, Makka sai ƙarfe goma. Za mu yi ta Dubai mu bar ta Makka?"

Wa zai amsa wannan a gaban jikokin Baba mai gida? Ƙarfe goma muka shiga shekara da Saudiyya, da langa da sabon rabon tuwon madara. Sha ɗaya Masar ta shigo, aka yi wasan ɓuya, ɗaya daga 'yan biyu ya ɓuya a bayan tankin ruwa barci ya kwashe shi, muka yi ta nemansa da tocila ina ta lissafin abin da zan faɗa wa uwarsa. Kyauta ta ƙare, na koma biyan wanda ya ci gasa da canjin aljihuna. Abin da ya fi ba ni haushi, su sukari ya hau musu kai ido tar, ni da na shirya musu tarko ni ne ke gyangyaɗi a kan turmi.

Sha biyu ta gaske ta zo da ƙarar nokawut daga kowane lungu da ihu daga coci. Yarana suka yi nasu ihun kamar ba su taɓa ganin shekara ba. Iyaye suka fara dawowa da "Barka da sabuwar shekara", na ce alhamdulillahi, ga masu kaya sun zo. Sai Lauya ta sanar cewa Ghana da Ingila sai ƙarfe ɗaya. Maman Biyu, wadda nake zaton za ta cece ni, ta ce ai ƙanenta yana Kumasi, ya kamata a yi masa kara. Ta shiga ta ɗebo cincin.

Na kwanta wajen ɗaya da rabi, ƙugu na ciwo, hanci na raɗaɗi.

Da na dawo daga sallar asuba, hazo ya rufe layi, sai na iske su a jere a ƙofar ɗakina cikin rigunan sanyi, kowa da murfin tukunya, Lauya na riƙe da wayar uwargida. Wai New York sai ƙarfe shida. Kafin in buɗe baki sun fara ƙirge.

Baba mai gida, da muka taho daga masallaci tare, ya tsaya da carbinsa har suka gama bugawa.

"Malam, wannan kuma ta ina ce?"

"Ta Amurka, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ja carbi a hankali. "Dubai, Makka, Masar, tamu, Ghana, ga Amurka. Shekara shida ke nan ka yi mini a gida tun jiya. In ka karya kumallo ka same ni a zaure, mu yi lissafin haya."