Kafin ka sayi bijimi, tambayi uwa tai

Salamu alaikum jama'a, musamman abokan harka masu kiwon shanu na gari. Jiya da marece wani ƙanena ya turo min hoton wani bijimi a WhatsApp, wai yaya dubi wanga Azawak, jika 600 aka ce, in saye? Na ce mishi wa ta haihe shi? Ya yi dariya, shi a zatonshi wasa nike. To wallahi ba wasa ba ne, kuma shi ya sa na zauna rubuta wagga magana, ko da za ta yi tsawo ku yi haƙuri.

Yanzu a Maradi duk wanda Allah ya buɗa ma, ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci, sai ya kewaye fili bakin gari ya zuba shanu, abin sha'awa ne ba na hassada ba. Amma mafi yawanmu kala muke saye. A ga sa ja mai baƙin baki, da baƙi zagaye da ido kamar an sa mishi kwalli, ƙaho gajere, tozo ya miƙe, shikenan sai a ce tsantsar Azawak ne a ƙirga kuɗɗi. E, waɗannan alamomin Azawak ne ba musu, a Tukunus can wajen Filinge inda gwamnati ke zaɓen irin tun 1954 wannan launin suka riƙe. Sai dai abin da ya sa Azawak ta yi suna har ƙasashen maƙwabta ke zuwa neman ta nono ne, da haƙurin rana da yunwa. Kwallin ido ba a tatsar shi.

Ni na sha wannan ruwan. Shekarun baya na sayi wani bijimi a wata kasuwa ta arewa, dillali ya rantse ya maya cewa jikan na Tukunus ne, kuma kowa ya gan shi sai ya tsaya kallo. Na sa shi cikin garke. Ku lissafa da ni: ciki wata 9 da 'yan kwanaki, karsana kuma kafin ta yi haihuwar fari sai ta kusa shekara 4, wato kusan shekara 5 kenan kana ciyarwa kafin ka san abin da ka sayo. Ɗiyanshi sun fito kyawawa kamar uban, amma ran da aka fara tatsa sai da yaron kiwo ya ji kunyar kawo min ƙwaryar. Uwayensu da nike rainawa sun fi su nono nesa ba kusa ba. Dillali ya ci la'adarshi tuntuni, ni aka bari da dusa da harawar shekara 5.

Saniya maras kyau maraƙi ɗaya take ɓata maka a haihuwa, bijimi kuwa duk maruƙan garke jininshi ne. Shi ya sa nike cewa in ba ka ga uwar bijimi ba, ko ba ka samu wanda ka yarda da shi ya ba ka labarinta ba, to caca ka yi. Je ka rugar da asuba a tatse ta gabanka, kar ka yarda da "tana cika ƙwarya", ƙwarya ai suna ta tara, wata ludayi ce babba. Tambayi haihuwa nawa ta yi, tana jerawa ko sai ta tsallake shekara 2, ta taɓa ɓari? Wata nawa take kaiwa kafin nono ya ɗauke? A tashar kiwo irin ta Tukunus inda ake kula da su, Azawak na ba da wajen lita 800 zuwa 1000 da 'yan kai a tatsar haihuwa guda, in ka raba ma watanni tara zuwa goma za ka ga lita 3 zuwa 4 ne a wuni. Don haka wanda ya ce maka tashi na ba da lita 15 da ciyawar daji kawai, gaishe shi ka wuce.

Sannan ka duba hantsa. Ta zam ta manne da ciki ba ta reto har gwiwa, kan nono huɗu daidai wa daida, ba wani ƙato da maraƙi ba zai iya kamawa ba wani kuma kamar ƙurji. A jikin bijimin kanshi, bar kallon tozo ka sunkuya ƙasa: kofato lafiyayye, ƙafafu miƙaƙƙu, a kora shi ka ga tafiyarshi, baya shimfiɗaɗɗe, ƙirji mai faɗi, 'ya'yan maraina biyu su zam daidai. Buɗe baki ka ƙirga haƙora, don tsoho in ya sha dusa da gurya wata 3 sai ya koma saurayi a ido. In ka ga kumburi a gwiwa ko ka ji garken ana yawan ɓari, gudu, bakkale ke nan ake tsoro, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono. Hali ma ana gado, sa mai tunkuyi ɗiyanshi ba sa tsayawa tatsa.

Na san wani zai ce to Bororo fa? Ina girmama jar saniyar Bororo ƙwarai, duk wanda ya taɓa ganin garkensu na fitowa daga wajen Gadabeji da ƙahonin nan dogaye ya san Allah ya yi halitta ba. Amma saniyar tafiya ce, ƙafa gare ta, nononta bai kai na Azawak ba kuma ba ta son baƙon hannu, makiyayinta kawai ta sani. Ka ɗaure ta a turke cikin Ali Ɗan Sofo ka zalunce ta ka zalunci kanka. Haka mai neman nama da shanun huɗa Gudali ta fi mishi. Kowa ya san abin da yake nema kafin ya shiga kasuwa, matsalar ita ce garken da za ka tarar da Bororo da Gudali da Azawak da wani ruwa biyu na Turai duk an sake su tare da bijimai 3, sannan mai shi yana tallar "tsantsa" a Facebook.

Maganar na Turai kuma, ban hana kowa ba. Mai rijiyar burtsatse da kuɗɗin abinci da likitan dabbobi a kusa ya yi barbarar allura ya samu nono, halal ne. Amma ya ware su, ya faɗi gaskiya in zai sayar. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san saniyar da ke kaiwa damina in rani ya yi tsawo, kuma watan Afrilu na Maradi bai canza ba. Abin haushi mu da jar akuyarmu ta yi suna a duniya har da cibiyar kiwonta a garin nan, mun ga yadda ta cakuɗe a ƙauyuka saboda sakin bunsuru barkatai, kuma muna maimaitawa da shanu.

Bafulatani zai lissafa maka saniya da uwarta da kakarta har uwar kaka da ka, don da su yake kwana yake tashi. Kai Alhaji da ke leƙa garke ran Lahadi ba ka da wannan kan, sayi kaye, wato littafin rubutu, na dala 40 da bik. Kowace saniya da sunanta ko lambar kunne, ranar barbara, wane bijimi, ranar haihuwa, sannan sau ɗaya a wata a auna nono da litar gaskiya a rubuta. Allurar ciwon huhu ta shekara ma a rubuta. Maruƙa mazan da ba ka zaɓa ba a dandaƙe su da wuri su tafi turke ko huɗa. Kuma dan Allah in Sallah ko biki ya matso a daina fidda karsanar da ta fi kowace don ita ke da tsada, wannan ita ce jarin.

Bijimi kuma kar ya wuce shekara 3 zuwa 4 a garke guda, in ba haka ba zai hau ɗiyanshi, sai ka fara ganin maruƙa ƙanana marasa ƙwari kana zargin maye. Nawa na yanzu lokacinshi ya yi, bayan kaka nike son musanya. Uwarshi na nan da rai, haihuwa 6, kayenta na hannuna. Mai sha'awa ya yi min magana ta ciki, ya zo bayan sallar asuba a tatse ta ya gani, ni ma haka zan zo wajenshi.