Rufin gadar katako ba don matafiya aka yi shi ba

Duk lokacin da hoton gadar katako mai rufi ta ƙauyukan Amurka ya zagayo, sai ka ji ana cewa an rufe ta ne don masu wucewa su fake wa ruwa, ko don kada dawakai su firgita in sun hango kogi. Waɗannan ribar ƙafa ce kawai. Don katakon aka yi rufin.

Nauyin irin wannan gada ba daɓen da ake takawa ne ke ɗauke da shi ba. Bangaye biyu na gefe ne, waɗanda aka harhaɗa da manyan katakai: dogon jigo a sama wanda nauyi ke matsewa, wani a ƙasa wanda nauyi ke ja, da gicciye-gicciye a tsakaninsu. Daɓe in ya lalace a sauya shi cikin 'yan kwanaki. Jigon ƙasa kuwa in ya ruɓe, gada ta tafi. Katako ba ya ruɓewa matuƙar danshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, abin da ke cinye shi shi ne jiƙewa da bushewa, yau da gobe, musamman a mahaɗa inda ruwa ke kwanciya. Shi ya sa gadar da aka bari a fili da ƙyar take wuce shekara 20, mai rufi kuma ta haura ɗari tana aiki.

A Amurka, wadda aka fi ambata a matsayin ta farko ita ce wadda Timothy Palmer ya gina a Filadelfiya, aka gama a 1805. Turawan Suwizalan sun riga su da nisa, gadar Lucerne tun ƙarni na 14 take. Amma ƙirar da ta fi burge ni ita ce ta Ithiel Town, wadda ya yi wa rajista a 1820. Saƙa ce kamar ta zana: falankai masu kaurin inci uku ana gicciya su a karkace, a huda kowace mahaɗa a buga turakun katako masu tauri, kaurinsu wajen inci biyu, yawanci biyu a mahaɗa, uku ko huɗu inda saƙar ta haɗu da jigo. Ba sassaƙa mai wuya, ba ƙarfe mai tsada. Kafintan ƙauye da zarto da abin huda ya isa. Aibinta shi ne in ta yi tsawo ba a ƙara mata kauri ba, bangon yakan karkace gefe, kuma sauya falanki ɗaya aiki ne, don a sarƙe yake da sauran. William Howe ya zo a 1840 ya sa sandunan ƙarfe a tsaye masu noti, in katako ya bushe ya saki sai a ƙara ɗaurewa. Kamfanonin jirgin ƙasa suka rungumi wannan ƙira tasa.

Ana gina gadar da ɗan doro a tsakiya. In ka tsaya a baki ka ga doron ya kwanta ko ya koma ciki, mahaɗan jigon ƙasa sun fara zamewa ke nan.

Ɓarna kusan kullum daga bakin gada take farawa, inda jigo ya zauna kan ginin dutse. Laka da ganye na taruwa a wurin, ruwan titi na gangarowa, tayoyi na shigo da ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a hanya lokacin sanyi. Magani ba ya da tsada: a share wurin duk shekara, a karkatar da ruwan titi, a sa guntayen katako a ƙarƙashin jigo waɗanda za su ruɓe a madadinsa a sauya su, a bar tazara a saman bango iska ta riƙa ratsawa. Yoyo ɗaya a rufi da aka ƙyale shekara biyar ya isa ya cinye mahaɗa. Sauran abokan gaba su ne wuta, manyan motoci masu tsayi da ke karya katakan ɗaurin sama, da ambaliya. Guguwar Irene ta 2011 ta share gadar Blenheim ta jihar New York, wadda ke tsaye tun 1855.

Inda nake da ja shi ne gyaran da ake yi na zura manyan ƙarafa a ƙarƙashin daɓe su ɗauke nauyin duka. Daga nan bangon ya zama ado, rumfa ce kawai a kan gadar ƙarfe, kuma da zarar katako ya daina aiki sai a daina duba shi. Ƙarafan ma sukan rage tazarar da ke tsakanin gada da ruwa, kututturan da ambaliya ta kwaso su sami abin kamawa. Akwai wata hanyar gyaran. Gadar Cornish da Windsor, mai tsawon mita 137 a kan kogin Connecticut, an gina ta a 1866 bayan ruwa ya cinye gadoji uku kafin ta. Da aka gyara ta a ƙarshen shekarun 1980 an sa mata jiguna na katakon da aka manne falle-falle, saƙarta ta ci gaba da ɗaukar kaya, har yau motoci na bi ta kai tsakanin New Hampshire da Vermont.