Matasan kafintoci, wai wa ya koya muku ɗaura zarto a kan giranda ne?

Jiya na biya ta wani shagon kafinta a bayan layinmu, sai ga yaro bai wuce shekara 17 ba ya ɗauko giranda, wannan injin da masu walda ke yanke ƙarfe da shi, ya kwance murfin ya jefar gefe, ya ɗaura masa faifan zarto mai haƙora, ya take katakon tubaifo da silifas yana yanka, ga iyafis a kunne. Na ce masa ɗan samari ina murfin? Wai yana tare masa gani.

Ƙannena, ku ji tsoron Allah a kan jikinku. Giranda ba ta katako ba ce. Ƙaramar nan mai faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, shi kuwa injin zarton da aka ƙera don katako wajen 5,000 yake yi, kuma yana da faranti da ke zama daram a kan katakon, ga murfi da ke komawa ya rufe haƙoran da kansa da zarar ka ɗaga, in ka saki kunamar kuma ya mutu. Giranda fa? Da yawansu makunnin maƙalewa yake, ko ta kuɓuce daga hannunka tana ci gaba da gudu a ƙasa tana neman ƙafar wani. Haƙori ɗaya ya ci karo da gaɓar icce ko tsohuwar ƙusa, sai ta yi tsalle ta dawo kanka, cinya ko ciki ko fuska, kafin ka ce innalillahi an gama. Kuma katakon da aka cire daga dakin, wato bayan an zuba kankaren gini, wanda kuka fi saye saboda araha, cike yake da ƙusoshi.

Abin haushin shi ne kun sani. In an yi magana ku ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To wanda ya cire murfi da hannunsa tsautsayi ne ya same shi ko ganganci? Annabi (SAW) ma cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Wanda bai ji bari ba dai zai ji hoho, ku leƙa asibitin ƙashi na Dala ku ga masu naɗaɗɗen hannu, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wai injin zarto tsada. Amma wayar da ke aljihunka nawa ka saye ta? Kuɗin data da ake ƙonawa a TikTok da na caca a wata, balle masu haɗiyar ƙwaya don wai su yi aiki ba gajiya, su riƙe inji ido jawur. Wannan ma maganar wata rana ce.

Kowane aiki da injinsa ai. Miƙaƙƙen yanka a ba injin zarto, lanƙwasa a kan filawud akwai ƙaramin nan mai siririn baki da ke hawa da sauka, katon gungume kuwa a kai wa masu inji a 'Yan Katako na Na'ibawa su tsaga. In za ka saya, Makita ne ko Bosch ko Ingco, ka duba murfin yana dawowa, ka duba lambar gudun da ke jikin faifan kada ta gaza ta injin. Kuma don Allah a zare waya daga soket kafin a canza faifai, an sha ɗauke wuta mutum ya manta makunni a kunne, NEPA ta dawo yatsunsa na kan haƙora.

Da can yaro sai ya daɗe yana goga da miƙo ƙusa da wasa zarton hannu kafin maigida ya bari ya taɓa wani abu mai kaifi, kuma in ya ga ka riƙe katako ba daidai ba tun daga nesa zai daka maka tsawa. Yanzu wata uku yaro ya buɗe shago ya sa allo, har da nasa yaran, shi ma ogan da kansa murfin girandarsa ya ɓata tun ranar da ya fito da ita daga kwali.