Bizar kasuwanci ba ta ba ka damar koyarwa a China

Na gaji da jin ana cewa muddin ka iya Turanci, kuma ka samu ka shiga China, to aikin koyarwa na jiranka. Masu faɗin haka suna da hujjarsu, don iyaye a can na kashe kuɗi sosai 'ya'yansu su koyi Turanci.

Sai dai kowace biza da abin da aka yi ta dominsa. Biza mai harafin L ta yawon buɗe ido ce, M ta kasuwanci, aiki kuwa sai Z. Ita Z makaranta ce ke fara nema maka takardar izinin aiki tun kana gida, galibi sai kana da digiri da shaidar ƙwarewa. In ka sauka, cikin kwana 30 za ka mayar da ita izinin zama a ofishin 'yan sanda.

A ce ka je Guangzhou sarin kaya da M, wata makarantar yara ta ce ka riƙa shiga aji ana biyanka a hannu. Ranar da jami'ai suka zo duba fasfo, dokarsu ta tanadi tarar yuan 5,000 zuwa 20,000, wani lokaci har da tsarewa da kora. Ita makarantar tara za ta biya ta nemi wani malami.